Abin da Babu a Takardar Likita

Matakala ɗari da goma sha huɗu ne
daga ƙofarmu zuwa inda motar asibiti ke tsayawa.
Duk Talatar farkon wata nakan ƙirga su,
ƙanena Eliseo na biye,
Valparaíso na kwance a ƙasanmu, jiragen ruwa na kuka.

Dakta Valdivia tana da takarda mai gida-gida.
"Har yanzu kana jin muryoyin?"
"Sun ragu."
Sai ta ɗiga biro, ta ce an samu sauƙi.
Ban musa ba. Ta yi karatu, tana da kirki kuma.
Sai dai takardarta ba ta da gidan hannu.

Hannun da ke warware agogo ɗaiɗai
ya mayar, ko ƙusa ba ta yi saura ba,
yau yana ɓari kamar kifin da aka tsamo.
Cokali ya gagare shi, rigarsa ta san ɗanɗanon miya.
Ya ce da ni, "Herminia, maganin ya kori baƙin,
amma ya haɗa da mai gidan."

Ni gyaran kifi nake yi a kasuwar bakin teku,
ban san sunan ƙwaya ko ɗaya ba sai launinta.
Amma na san ciwon nan yana sallama kafin ya shigo:
rediyo zai juya ya fuskanci bango,
gaisuwar maƙwabcinmu Baldomero za ta faɗi ƙasa ba mai ɗauka,
takalma za su hau taga su yi layi.
Na buga lambar da suka ba mu, ƙarfe biyun dare,
aka ce in bari sai abin ya tsananta.
Sai ruwa ya kai wuya ake neman kwale-kwale?

Na tambayi me ya sa aka ƙara allura,
aka ce sirrin majinyaci ne.
To, na ji.
Wuƙaƙen da ke binne a tukunyar fure fa, sirrin wa ne?
Da barcin da rabona da shi shekara shida,
wanda ba wanda ya taɓa tambayata labarinsa?

Ba na neman a mayar mini da shi sabo.
A rage masa ɓarin hannu.
A kira shi da sunansa kafin a kira sunan cutar.
A ajiye mini kujera a ɗakin, ko ta roba ce.

Ranar Asabar ya sauka shi kaɗai sayen burodi.
Na laɓe a taga, numfashina a hannu.
Ya dawo, canji bai cika ba,
yana mita wai agogon mai burodi ya makara da minti bakwai,
gobe zai tafi masa da sukudireba.

Na zauna a matakala ta arba'in na yi kukana.
Talata mai zuwa zan karɓi biron likita,
in rubuta a gefen takardar, inda ba gida:
minti bakwai.