Ƙauri

A Pokhara, bene na uku, ɗakin gwaji,
inda taga ke kallon tsaunin ƙanƙara,
ni da Khemraj muka raba tebur guda,
shi yana riƙe waya, ni ina ɗiga dalma,
hannuna na rawa kamar na mai masassara.

Malama Thapaliya ba ta ɗaga murya.
Alli take ɗauka, ta cika allo maƙil,
ta ce akwai wata lamba da babu ita a duniya,
amma in ba da ita ba, ba a lissafa wutar gida.
Na rubuta. Ban gane ba. Na sake rubutawa.
Dare ya raba, shayina ya huce,
lambar da babu ita ta hana ni barci.

Ran Talata na juya ƙafafun kafasita,
na sa doguwar inda gajeriyar za ta zauna.
Tas!
Hayaƙi ya miƙe, siriri, fari fat,
da ƙauri irin na kifin da aka manta a wuta.
Aji ya kwashe da dariya, har da Khemraj.
Malama ta zo, ta sunkuya, ta shaƙa,
ta ce, "Dilmaya, kar ki buɗe taga tukuna.
Shaƙi da kyau. Wannan ba ya cikin littafi."
Duk da haka ta zaftare mini maki biyu.

Hutu ya zo. Yini a mota, yini a ƙafa,
gadar igiya, gonakin shinkafa hawa-hawa,
har ƙauyenmu, gida arba'in da bakwai,
da ƙoramar da ke juya mana inji.
Shekara goma sha tara babana na kula da shi.
Bai san baƙi ba. Sukudireba ce littafinsa:
ya kafa bakinta a jikin ƙarfe,
ya ɗora kunne a ƙota, ya lumshe ido,
ya gaya maka ko boris ne ke kuka
ko ganye ne ya shaƙe wuyan bututu.

Na tarar an kwana tara cikin duhu.
Ruwa na zuba, inji na juyawa lafiya lau,
ƙwan fitila kuwa ja, kamar garwashin asuba.
Baba ya saurara har kunnensa ya yi sawu.
"Ƙarfen bai ce komai ba," in ji shi,
ya juya baya, yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Na kwance murfin akwatin da ke bango.
Kafin tocila ta gani, hancina ya riga ta.
Talata! Bene na uku! Dariyar Khemraj!
Ga shi can a lungu, ya kumbura kamar kaska,
rubutun jikinsa ya ƙone ƙurmus.
To, wane girma zan ce a sayo?

A bayan kwalin sabulu, a hasken kyandir,
na kira lambar nan da babu ita,
ta zo.
Sau uku na bi lissafin, sau biyu ya yarda da ni.
Ɗan dako ya sauka kasuwa da takardar a hula,
kwana biyu ina cin shinkafa ba na jin gishiri.

Da na ɗaure wayar ƙarshe, Baba ya saki ruwa.
Ja ya koma ɗorawa, ɗorawa ta koma fari,
wata tsohuwa ta yi ihu daga ƙetaren rafi,
rediyon maƙwabta ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Baba bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne.
Ya ɗauki mataccen, ya kai hanci, ya daɗe,
ya sa shi a aljihu, kusa da sukudireba.
A hanyar gida ya ce, "Lambar da kika ce babu ita,
a ina suke ajiye ta?"
Na ce, "Baba, sai mun koma. Zan tambaya."