Teku a Ɗakin Haya

Ranar da ta miƙo mini makulli,
Hajiya Tsahara ta ɗaga yatsu uku:
ba ƙusa, ba fenti, kada in ji ƙarar guduma.
Na ukun sai da ta maimaita shi a bakin zaure.

Ɗaki ciki ɗaya a unguwar Zariya,
bango fari fat, kamar fuskar mai bin bashi.
Ni kuwa na taɓa ganin teku.
Sau ɗaya, a Kwatano, ina yaron mota.
Mun sauke albasa, direba na barci,
na tsaya da silifas a hannu,
ruwa na zuwa yana komawa
kamar ɗan aike da ya manta saƙo.

To, na shiga babbar kasuwa da jika uku.
Wajen Nomau mai gwanjo na samo labule,
ganyen ayaba a jiki, aku biyu,
ɗaya sigari ya ƙone masa ido.
Ya rage mini dala ɗari saboda idon.
Na ɗaura igiya daga ƙarfen taga zuwa ƙyaure,
na shanya dajina,
bango bai ji komai ba.

Gwangwanin tumatir shida, na huda gindinsu.
Na'ana'a, ƙwallon mangwaro, kan abarba
da mai kayan marmari zai zubar.
Ƙasa daga bakin Gulbi na ɗebo ta a buhun siminti.
Faifai na rataya ƙarƙashin ƙwan lantarki,
haske ya riƙa zubowa tsaga-tsaga
kamar ta cikin ganyen kwakwa.
Gidan sauro shuɗi ne. Shi ne tekun.
In wuta ta dawo, fanka na tayar da igiyar ruwa;
in an ɗauke, teku ya kwanta, mu yi gumi tare.

An ce zanen aro ba ya rufe katara.
Na ji. Amma ni ba rufewa nake ba.

Ƙarshen wata Hajiya ta zo karɓar kuɗi.
Ta shafa bango da tafin hannu, lungu-lungu,
tana neman rami.
Ba ta samu ba.
Ta daɗe tana kallon aku mai ido ɗaya,
sannan ta tsinki na'ana'ata, ba ta tambaya ba.

Ranar da za ta ce in tashi,
kwance igiya kawai zan yi.
Kwatano kaf za ta shiga amalanke ɗaya,
ni a baya, rungume da abarba.