Gwangwanin Nama

Wari ne ya fara tarar mu, tun kafin mu hango waya.
Muka ce ko mayanka ce.
Watan Afrilu ne, itatuwan Jamus sun fara toho,
tsuntsaye na ta kuka abinsu.

Kofur Dalgleish ya datse sarƙar ƙofa.
Ba wanda ya rugo, ba wanda ya yi sowa.
Suka taso sannu, kamar hayaƙin ɗanyen itace,
riguna masu ratsi rataye a kan ƙashi,
idanu sun yi wa fuska yawa.

Shekarata goma sha tara.
Na san bindiga, na san taɓo, na san kwarkwata,
ban san mutum kan ƙare yana numfashi ba.

Wani Bayahude ya riƙo gefen rigata.
Ya dafa ƙirji ya ce: Zelman.
Sau uku ya faɗa, kamar mai ba da ajiya.
Akwai lamba da shuɗin tawada a hannunsa,
amma ba ita ya nuna mini ba.
Ɗinkin aljihuna ya shafa, ya girgiza kai,
ya kwaikwayi zura zare cikin allura.
Ashe tela ne,
kuma aikin telan soja bai burge shi ba.

Na buɗe masa gwangwanin nama.
Abin da ke hannuna ke nan.
Ya ci da yatsu, ya lashe murfi har leɓensa ya tsage.

Sai da yamma likita ya iso yana ihu:
Kada ku ba su! Hanjinsu ya manta aikinsa!
Ruwan shinkafa kawai, cokali-cokali!

Da asuba na same shi jingine da katako,
raɓa a girarsa,
gwangwanin rungume a ƙirji.
Yunwar shekara uku ta bar shi da rai,
alherina ne bai bar shi ba.

An ce ba laifina ba ne.
Matata ta faɗa, fasto ya faɗa,
na ce na ji.

Yau a Dundee jikata Morag
takan buɗe wa kyanwarta gwangwani a kicin,
in na ji ƙarar murfin sai in fita lambu
in tsaya cikin yayyafi.
Tana tambayar lambobin yabo. Suna cikin akwati.
Rigar ma tana nan.
Aljihun ya farke tun a hanyar dawowa,
daidai inda ya shafa.
Ban bari kowa ya ɗinke ba.

Zelman, Zelman, Zelman.
Ajiyarka tana wurina.
Har yanzu ban ga mai karɓa ba.