Ragowar Kwalbar Nives

Ƙarfe tara, iskar bora na dukan ƙofa,
jiragen ruwa sun lafe a tashar Trieste.
Tullio ya shigo da kwalba cikin kwat,
kamar mai kare jariri daga yayyafi.

Ya dire ta a kan kanta.
Koriya ce, ba takarda a jikinta,
abin da ya rage bai wuce yatsa uku ba.
"Ta Nives ce," in ji shi. "Ta ƙarshe.
Haɗa mini yadda take haɗawa."

Shekara goma sha tara ina bayan kantar nan,
na yarda da hannuna.
Na zare murfi, na kai hanci:
tazargade, na'ana'a, busasshen ɓawon lemu,
da wata saiwa ta kan duwatsun Karso
wadda ban san sunanta ba.
Barasa mai ɗacin da ke tsayawa a maƙoshi
kamar maganar da aka fasa faɗi.

Na zuba ƙanƙara, zuma cokali biyu,
rabin lemun tsami, na girgiza.
Ya kurɓa, ya ture kofin.
"Zaƙin ya toshe mata baki.
Nives ba ta taɓa yin shiru haka ba."

Na rage zuma, na matse lemu
har 'ya'yansa suka zubo cikin rariya.
Ya kurɓa, ya runtse ido ɗaya.
"Haba, Fulvia.
Ko ranar da na jinginar da keken ɗinkinta
ba ta yi mini tsami haka ba."

Saura yatsa ɗaya da ɗan ɗigo.
Cokali ya fara rawa a hannuna.
Zuma da lemu ba sa sulhu,
jan igiya suke yi,
aikina kawai kada ɗaya ya kai ɗaya ƙasa.
Amma a ina ta tsayar da igiyar?

Na ce, "Ba ta rubuta awo ba,
ko a bayan kalanda?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Awo? Fuskata take dubawa in na dawo daga tasha.
In na shigo a murtuke, sai ta saki zuma.
In na shigo ina hura hanci,
sai ta matse lemu har ɓawo.
Shekara arba'in da ɗaya,
ban sha iri ɗaya sau biyu ba."

Sai na kife ma'auni.
Na dube shi.
Maɓallin kwat ya shiga ramin da ba nasa ba,
gemun kwana huɗu,
zobe ya yi wa yatsa yawa.

Zuma, bakin cokali.
Lemu, matsa ɗaya, na tsaya.
Gishiri tsakanin yatsu biyu.
Ɗacin kuwa na bar shi ya faɗi tasa.

Ya sha.
Ƙanƙara ta motsa a kofi, ta nutsu.
A waje iska ta kayar da wata kujera,
ba wanda ya tashi.

"Ba ita ba ce," ya ce.
Ya sake kurɓa.
"Amma kin duba."

Ya turo mini kwalbar da ɗigon da ya saura.
"Ɓoye ta can baya, inda ba a gani.
Zan dawo Laraba.
Ban san da wace fuska ba."