Ƙamus a Bakin Gongola

An ɗauke wuta tun la'asar a Dadin Kowa,
mu da madatsar ruwa ke bayan gidanmu.
Na kunna fitilar ƙwai, na ɗauko ƙamus,
abokin alli na shekara talatin da biyu.
Bangonsa ya taɓa rabewa,
marigayiya Dija ta ɗinke shi da zaren buhu.

Ban kai ga buɗewa ba, baƙi suka iso
ba sallama, daga kogi, daga gonar shinkafa,
suna kewaya gilashi kamar an raba goron gayyata.

Hajjo jikata ta mari ƙwaurinta.
"Kaka, shi wannan me Bature ke ce masa?"

Na lashi yatsa, na bi shafi.
Sauro, in ji littafi, sunan aro ne a bakinsu,
daga mutanen Sifen suka karɓo,
ma'anarsa kuwa ɗan ƙaramin ƙuda.
Hajjo ta tuntsire da dariya:
"Ƙarami? Wanda ya kwantar da Baffa Jauro
kwana tara, har da ƙarin ruwa?"

Shi kansa ƙuda, ba su wahala ba,
sun ga yana tashi, suka ce Tashi.
Wani ɗan mitsitsi an ce daga gurgura sunansa ya fito,
wani kuma daga kukansa,
mmm ɗin nan da ke zuwa kunne
daidai lokacin da barci ya fara daɗi.
Nan masu ƙamus suka rubuta "wataƙila".
Na fi son su a wurin nan.

Mai fiffike kala-kala sun haɗa shi da man shanu,
su ma ba su tabbatar da dalili ba.
"Namu ya fi," in ji Hajjo,
ta haɗa tafi, ta buɗe, ta rufe:
malam-buɗe-littafi.
Ban yi musu ba.

Sai na shiga lissafa mata na gida:
bobuwa mai sa saniya ta tsinke igiya,
zanzaro magini, mai ɗamara ba wando,
rina da ba a tsokana sau biyu,
shinge da ke fitowa bayan ruwan fari
mu tare shi da kwano, mu soya, mu manta talauci.
Ƙyashi fa?
Shi ne wanda ba ka gani sai ka ji zafi,
yana ratsa gidan sauro kamar ba a ɗaura ba.
Ko shi ya ba wa ciwon zuci suna,
ko ciwon zuci ne ya ba shi,
ban sani ba, babu wanda ya rubuta mana.
Na dai zauna a ofishin malamai,
na san cizon duka biyun.

"To wa ya fara raɗa musu, Kaka?
An yanka rago?"

Na ce, wani ne irinmu,
dare ya yi masa a bakin wani ruwa,
abu ya cije shi, ya kai mari, ya yi tsaki,
tsakin ya bi 'ya'yansa har ya zama kalma.

Kananzir ya ja baya.
Hajjo ta rufe ƙamus da ƙarfi, ta tafi shimfiɗa.

Da safe na buɗe inda muka tsaya.
Ga ɗaya nan ya manne a gefen shafi,
fiffike a baje, ƙafafu kamar wasali,
tsakanin kalmomi biyu na Turawa.
Na ɗauki biro zan rubuta sunansa a ƙasa,
na daɗe ina dubansa,
ban gane ko wane ne ba.