Ni da Rana

Ni ce Tsahara mai gabu, ta bayan kasuwar Tawa.
Lawashi nake daka, in dunƙula, in shanya,
rana ta ƙarasa mini sauran aiki.
Shekara ashirin muna ciniki ni da ita,
ban san tana rubuta mini bashi ba.

A kunci ya fara, ɗan tudu kamar gujiya,
ba ƙaiƙayi, ba ruwa.
Sai ya yi ƙane a dantse, ya yi wani a kafaɗa.
Na ce cizon ƙwaro ne. Inna Gwamma ta ce makero.
Aka shafa man kaɗe, aka shafa toka da kanwa,
wanzami ya kafa ƙaho,
tudun ya ji ƙaho ya ƙara fushi.
Inda ya gaji ya kwanta kuma sai ya bar rami,
kamar sawun yatsa a malmalar tuwo.

Abin da ya fi ciwon ciwo
ranar da Bibata ta janye ƙwaryar fura daga gabana,
wai ƙuda ne ya faɗa.
Ba wanda ya furta kalmar.
Amma gabuna ya kwana uku a faifai
ba a ko taya ba.

A likitar Tawa wani saurayi ya ce in rufe ido.
Ya ɗauki auduga ya taɓa tabon.
"Kin ji?" Na ji.
"Nan fa?" Na ji.
Ya ce, "Inna, wannan ba kuturta ba ce."
Na yi kuka har ya rasa inda zai aje audugar.
"To mene ne?"
Ya ce, "Nan sanina ya tsaya. Sai Yamai."

Na sayar da tunkiya.
Konni, Dogon Dutsi, Doso,
ina gefen taga, rana na bin motar
ba ta ko tsaya shan ruwa ba.

Lokotoro Hamsatu, siririya,
Hausarta da gishirin Zabarmanci,
ta yanki fatata, ba ta fi ƙwayar wake ba,
ta jefa a kwalba ta rubuta sunana.
Mako biyar ina kwana a Bukoki gidan ƙanena,
wani yanki nawa yana can ana karatunsa.

Da takarda ta fito ta ce, "Lufus."
Ta ce ko cikin masu shi irin nawa kaɗan ne,
mai nutsewa ƙarƙashin fata ya ci kitse.
Ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa a bakin ƙwarya.
"Jikinki yana da masu gadi," in ji ta,
"sun ruɗe, suna dukan ƴan gida,
rana kuwa tana zuga su."

Rana?
Wadda ta aurar mini da ɗiya biyu?

Ta ba ni ƙwaya, ƙanwar maganin masassara,
ta ce a riƙa duba idona, don maganin yana da nasa hali.
Ga mai na shafawa, ga dogon hannu, ga malfa.
Na ce, "Zai warke?"
Ba ta yi mini ƙarya ba.
"Zai kwanta. Amma ramin da ya haƙa ba zai cike ba."

Yanzu da asuba nake daka.
Hantsi na yi, Nomau ya kwashe zuwa shanya,
ni ina ƙarƙashin rumfa ina yi masa faɗa
don dunƙulensa kullum ya fi nawa girma, riba ke tafiya.
Wata bakwai ba sabon tudu.
Jiya Bibata ta miƙo mini ludayi.
Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.
Na sha.

Rana kuwa, daga nesa muke gaisawa
kamar surukai.
Har yau ita ke busar mini da gabu,
ni dai in ta shigo tsakar gida
sai in ja mayafi, in ba ta wuri.