Irin Shuka

Ƙarfe uku na dare wuta ta ɗauke a Gombe.
Inji ya yi tari sau biyu kafin ya kama.
Na ruga ɗakin gwaji ba takalmi,
don akwatin ɗumi ba ya yafe sanyi.

A ciki akwai ƙwai biyar na Hansatu 'yar Dukku,
wadda ta sayar da bijimai biyu da 'yan kunnenta.
Shekara goma sha ɗaya ana ce mata juya a bakin rijiya,
alhali takardar gwaji tana aljihun mijinta,
ya ninke ta huɗu,
ya ce, "Likita, rufa mini asiri."

Babana a Deba yakan ware zangarniya mafi cika,
ya rataye, ya ce, "Wannan iri ne, ba na tuwo ba."
Ashe gadonsa na ci:
shi da fartanya,
ni da madubi da allura siririya kamar gashi.

Na leƙa. Uku sun yi shiru.
Ɗaya ya rabu biyu, ɗaya huɗu.

Ba zan buga mata waya ba tukuna.
Shuka ce tawa, tsiro na Mai Sama ne.

Ladan ya kira assalatu.
Na fita neman takalmina.